Wa ya ce a addinin Buda kowa da gaskiyarsa?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a fadodinmu wajen shan shayi, har ma da ajin filozofi: wai addinin Buda na koyar da cewa babu abu mai kyau babu mummuna, kowa da gaskiyarsa, abin da ranka ya so shi ne daidai. Wasu na faɗinta don suka, wasu kuwa don sha'awa, wai sun gano addinin da ba ya hana komai. Ni dai cewa nake dukkansu ji suka yi, ba su karanta ba.

Mu fara da talakan mabiyi, ba malami ba. Alkawura 5 yake ɗauka: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Masu zuhudu kuwa, a mazhabar Terawada ta Siri Lanka da Tailan da Miyanma, dokoki 227 ke kansu. Guda 4 daga ciki, wanda ya karya ɗaya an kore shi ke nan har ya mutu: saduwa, sata, kisan mutum, da da'awar matsayin ruhi na ƙarya. Haba jama'a, mai cewa komai daidai ne, don me zai kori mutum?

To daga ina ruɗanin ya fito? Galibi daga labarin mutanen Kalama. Malamai sun yi ta zuwa garinsu, kowa na yabon koyarwarsa yana kushe ta wani, sai suka tambayi Buda wa za su bi. Ya ce musu kada su riƙe magana don kawai an gaje ta ko don babba ya faɗa. A nan masu yawo da maganar ke tsayawa. Amma labarin bai ƙare nan ba. Ya ba su ma'auni: su duba abin da kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu ke jawo wa mutum, su ga cuta ce ko amfani. Ya sa su su auna da kansu, amma mudu ɗaya ne ga kowa. Haka ma koyarwar kamma: aikin da aka yi da niyya yana da sakamako, ka yarda ko ka ƙi. Abin da ka shuka shi za ka girba.

Na san hujjar da za a jefo mini: Miyanma. Gaskiya ne, daga watan Agusta na 2017 Musulmi ƴan Rohinja fiye da 700,000 sun tsere zuwa Bangaladash saboda kisa da ƙone ƙauyuka, kuma akwai masu zuhudu irin su Wirathu da suka daɗe suna hura wutar ƙiyayya. Wannan zalunci ne, ba na sassauta shi. Amma kisan nan alkawarin farko ya taka, ba cika shi ya yi ba. Mu da muka san abin da Boko Haram ta yi a Diffa, ai ba mu yarda a auna Musulunci da ita. Mudun da muke so a auna mu da shi, da shi ya kamata mu auna wasu.

Inda saɓani na gaske yake shi ne nan: addinin Buda bai jingina dokokinsa ga umarnin Mahalicci ba. Mai son muhawara ya tsaya a nan, ya tambaya: in babu Mai umarni, me ya sa doka ta zama dole? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni kaina amsarsu ba ta gamsar da ni. Sai dai rashin yarda da tushen dokar mutum daban, cewa ba shi da doka sam daban. Na farko muhawara ce, na biyu ƙage ne.

Ɗalibin da ya saba yi wa na nesa ƙage don ya ci gardama a fada, gobe maƙwabcinsa zai yi wa. Ku je ku karanta tukuna, sannan mu haɗu mu yi musu.