Mun Iya Yanke Hukunci a Facebook, Amma Wa Zai Je Ya Karanci Tsarin Shari'ar Laifuka?

Duk ranar da aka kama wani da zargin ƙwacen waya a Kano ko satar mutane a hanyar Birnin Gwari, kafin 'yan sanda su gama rubuta sunansa, mu a soshiyal midiya mun riga mun gama shari'ar. Wani ya ce a rataye shi, wani ya ce a ƙona shi, wani ya ce ai kai shi kotu ɓata lokaci ne, gobe za ka gan shi a unguwa. Bayan kwana biyu sai wani bidiyon ya fito a TikTok, mu koma can. Shi kuwa wanda aka kama, mai laifi ne ko marar laifi, ya shiga wata doguwar hanya da yawancinmu ba mu san yadda take ba.

Hanyar nan ita ce tsarin shari'ar laifuka: daga caji ofis zuwa ofishin mai gabatar da ƙara, zuwa gaban alƙali, zuwa gidan gyaran hali, har ranar da mutum zai dawo cikin jama'a. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta Najeriya na nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a kai ga yanke musu hukunci ba. Ke nan a cikin mutum uku da ke kwance a ɗakin kurkuku, biyu doka na kallonsu a matsayin marasa laifi har yanzu. Kuma in ka leƙa, mafi yawansu sa'o'inmu ne.

Shi ya sa wannan shafi yake kira ga matasan da ke shirin komawa makaranta bayan bautar ƙasa: cikin masu neman digiri na biyu, a samu waɗanda za su zaɓi fannin tsarin shari'ar laifuka da manufofinsa, su yi shi da gaske.

Dalili na farko, dokokin suna nan, masu aiwatarwa da bibiya ne suka yi ƙaranci. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce, in ban da laifukan da hukuncinsu kisa ne, wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Dokar ACJA ta 2015 ta hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata don ganin waɗanda ke tsare. Kaduna ta yi irin wannan doka tata a 2017, Kano ta yi a 2019. A 2019 ɗin ne kuma aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, sabuwar dokar ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki da sakin talala, har ta ba shugabannin gidajen damar ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika maƙil. Sai dokar 'yan sanda ta 2020 ta biyo baya.

To, a jiharku caji ofis nawa majistare ya ziyarta a watan jiya? Mutum nawa aka yanke wa aikin al'umma maimakon wata shida a kurkuku saboda ya kasa biyan tarar da ba ta taka kara ta karya ba? Fayil nawa ne ke kwance a ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyan gwamnati? Waɗannan tambayoyi ba a amsa su da zagi a kwamen. Sai wanda ya koyi tattara bayanai, ya iya lissafi, ya san doka, ya kuma iya rubuta rahoton da kwamishina zai karanta ya rasa hanyar zamewa.

Abin da wannan karatu yake koyarwa ke nan. Kada a rikita shi da karatun lauya. Wanda ya gama shi ba zai sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali ba. Lauya shari'a ɗaya yake bi har ƙarshenta. Shi kuwa wannan zai ɗauki shari'o'i dubu ya duba a ina suke maƙalewa, me ya sa, kuma wane gyara ne zai yi aiki da kuɗin da ake da su. Ana karanta dalilan aikata laifi, aikin ɗan sanda, hukunci da gyaran hali, haƙƙin wanda aka zalunta, shari'ar yara, da dabarun bincike. Saboda haka ƙofar a buɗe take ga wanda ya karanta ilimin zamantakewa, kimiyyar siyasa, ilimin halayyar ɗan Adam, lissafi, kwamfuta, har da mu 'yan aikin jarida, gwargwadon sharaɗin kowace jami'a.

Dalili na biyu, Arewa tana da nata yanayin da baƙo ba zai fahimta cikin sauƙi ba. Mu da dokar Penal Code muke aiki tun 1960, Kudu kuma da Criminal Code. Daga shekarar 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, jihohi 12 suka faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa ɓangaren laifuka. Ga Hisbah, ga 'yan sintiri, ga masu unguwanni da dagatai da ke sulhunta rigingimu da yawa kafin su kai gaban ɗan sanda. Kuma tun gyaran kundin tsarin mulki na 2023, jihohi sun samu ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Wa zai zauna ya tsara wa Jigawa ko Katsina yadda nata zai kasance? In ba mu da namu masana, za a kwaso tsarin wani wuri a liƙa mana, mu dawo muna ƙorafi a X.

Mu tuna abin da ya faru a farkon watan Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar watan Agusta, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Surutun soshiyal midiya ya yi rana a nan, domin bayan 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Amma yaran da kyamara ba ta ɗauka ba fa? Ko kisan mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, lokacin da gungun mutane suka mai da kansu 'yan sanda da alƙalai a lokaci guda. Idan jama'a suka yanke ƙauna daga kotu, sai su ɗauki doka a hannunsu, kuma ranar da abin ya juyo kanmu babu wanda zai tsaya jin bahasi.

Wuraren karatun ba su yi nisa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano duk suna da digiri na biyu a wannan ɓangare, Jami'ar NOUN ma tana da nazarin laifuka da tsaro ga mai son haɗa karatu da aiki. Mai hangen waje, akwai kwalejin John Jay a birnin New York na Amurka, akwai cibiyar nazarin laifuka ta Jami'ar Cambridge a Ingila wadda aka kafa tun 1959. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin mastas na shekara ɗaya, amma sai kana da gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, kuma da sharaɗin ka dawo gida bayan ka gama.

Sai dai fa a shiga da ido buɗe. Na ɗaya, wannan satifiket ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Wanda zaman banza ya ishe shi ya ce bari ya yi mastas ko ma mene ne, zai ƙare da kwali biyu da zaman banza ɗaya. Na biyu, ka bambance mastas na ma'aikata da na bincike. Na farkon an tsara shi ne domin jami'an da ke bakin aiki, kuma a yawancin jami'o'inmu ba ya kai mutum kai tsaye zuwa digirin digirgir; in koyarwa ko bincike kake so, na biyun za ka nema. Na uku, ka tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin kafin ka biya ko sisi, musamman irin waɗanda ake tallatawa a intanet. Na huɗu, kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da tambayarka: me ya sa yaron da ya fito daga gidan gyaran hali yake komawa daba? Sulhun mai unguwa yana rage maimaita laifi ko ɓoye shi yake yi? Ba a fafe gora ranar tafiya; tun yanzu ka je ka zauna a kotun majistare, ƙofarta a buɗe take ga kowa, ka ga yadda ake ɗage shari'a saboda babu motar kawo wanda ake tuhuma ko ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki.

Na san wani zai ce, malam, matsalar ba ta ilimi ba ce, cin hanci ne da rashin niyyar shugabanni. Gaskiya ne akwai su. Amma cin hanci a cikin duhu yake ƙiba. Inda babu wanda ya san adadin waɗanda ke tsare da ranar da aka kawo su, nan ne beli yake zama haja duk da an rubuta a bango cewa kyauta ne. Ranar da aka samu masu ƙirgawa suna wallafawa, ɓoyewa za ta yi wuya.

Gwamnatocin jihohi su ma da nasu nauyin. Su sa wannan fanni cikin waɗanda suke ba tallafin karatu, su ɗauki masu shi aiki a ma'aikatun shari'a da kwamitocin sa ido kan aiwatar da dokar, su kuma riƙa fitar da alƙaluma ga ɗalibai masu bincike. Jami'o'i kuma su daina barin kundayen ɗalibai suna shan ƙura a laburare. A taƙaita su da Hausa, a kai wa alƙalai da 'yan majalisa da gidajen rediyo.

Mu kuma, 'yan uwana matasa, kafin fostin na gaba da za mu ce a kashe wane, mu tambayi kanmu ko mun san abin da doka ta tanada in mu aka kama bisa kuskure. Wanda Allah ya hore wa hali da ƙwaƙwalwa, fom ɗin digiri na biyu na fitowa duk shekara. Ya je ya karanto, ya dawo ya yi mana bayani da harshen da za mu gane.