MU SAN HARSHENMU: Dodo nawa gare mu?

 A wannan wata kalmarmu ita ce dodo. Baƙaƙenta biyu ne kawai, d da o, kowane sau biyu. Wanda ya yi kwana bakwai da fara karatu shina iya rubuta ta. Amma ma'anarta ta fi yatsun hannu guda yawa.

Na farko shi ne dodon tatsuniya. Ƙato ne, mai tulin gashi, mai cin mutane. Duk da ƙarfinshi ba shi da wayo. Ku tuna da Zanƙallala, ɗan mitsitsi: dodo ya haɗiye shi, shi kuwa ya fasa jikin dodo ya fito, har dodo ya mutu. Iyaye na kiran wannan dodo don yaro ya bar kuka, ko ya bar zuwa bakin rijiya.

Na biyu shi ne dodon tsafi. A da can, a wasu garuruwa, mutum kan shiga cikin rigar ganye ko ta zare, ya rufe fuska, ya sake murya. Mata da yara su gudu gida. Daga nan anka samu maganar nan: dodo ɗaya suke yi wa tsafi, wato bakinsu ɗaya. A Wagadugu, ƙasar Burkina Faso, yara na wani wasa da dare cikin azumi, da fuskokin dabbobi. Sunan wasan dodo, kuma fataken Hausawa ne sunka kai shi can.

Na uku shi ne dodon kirari. In makaɗi ya ce wa sarki ko ɗan kokowa dodo, yabo ne. Shina nufin abokan gaba na jin tsoronshi.

Na huɗu shi ne dodon bango: abin da ake tsoro alhali ba ya iya komi. Ɗan uwanshi mutum-mutumi ne, wanda wasu ke kira dodon gona. Tsumma ne bisa icce. Tsuntsu na gudunshi kwana biyu, ran na uku ya sauka kanshi.

Na biyar shi ne dodon kunne. Wata ƴar fata ce marar kauri, can cikin kunne, wadda da ita muke ji. Kada a sosa kunne da tsinke ko ashana. In ta huje, ji na raguwa.

Akwai kuma kalmomin da ke kama da dodo, amma kowace da gidanta. Fatalwa ita ce mataccen da ake cewa ya dawo. Aljani halitta ce da ido ba ya gani. Doguwa iska ce ta ƴan bori. Maye kuwa mutum ne da ake zargi da kama kurwa. Wannan ta fi sauran nauyi, don tana faɗawa kan maƙwabci mai rai. Ta sha raba aure, ta sha korar tsohuwa daga gari. A yi hattara da ita.

Saura na shida, wanda ba mai gudunshi: dodon koɗi. Tafiyarshi sannu, ɗakinshi bisa bayanshi. Yara ma wasa suke da shi. To, wasu ƙanana daga cikinsu, masu zama cikin tabki da hanyoyin ruwan noman rani, su ne masaukin tsutsar tsargiya. Ga yadda abin yake. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsa ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga dodon koɗi ta yi yawa. Sannan ta fito, ta huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai shayar da bisashe. Bayan ƴan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu na cewa alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne. Shina ƙarar da jini, in ya daɗe ya ɓata mafitsara da ƙoda. Maganinshi ƙwaya ce, farazikantel, ana samun ta a likita.

Kada ku ce ba a iya kashe irin wannan dodo. Kurkunu ma daga ruwan tabki yake, ya gurgunta manoma da yawa tsakiyar damina. Jama'a sunka riƙa tace ruwan sha da ƙyalle, anka gina rijiyoyi. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar.

Ashe uwar da ta ce wa ɗanta akwai dodo cikin tabki ba ta yi ƙarya ba. Girmanshi ne kawai ta ƙara.

Don haka in kun ga dodo cikin rubutu, ku dubi kalmar da ke bin ta kafin ku yanke ma'ana. Ga aikin wannan wata: kowa ya rubuta jimla shida, kowace da dodonta. Wanda ya san wani dodo da ake faɗi a garinsu, ya rubuto muna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.