Difloma Ko Digiri: Wanne Zai Amfani Garke?

'Yan uwa fatake, daga Mai Wurno har Wad Madani, yaro na cin jarrabawar shahada sai kowa ya ce "injiniya zai zama". To, shanun fa, wa zai duba su? A Sudan difloma shekara 2 zuwa 3 ce, digiri, wato bakaloriyos, 4 ko 5, likitancin dabbobi kuwa 5. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar kiwon dabbobi. A ganina, mai hali ya tura ɗa guda likitancin dabbobi, marar hali kada ya raina difloma. In babu takardar lafiya mai sa hannun likita, shanunmu ba sa ƙetare iyaka. Me zai hana likitan ya zama ɗanmu? Allah ya sa mu dace.