Kujerar cilla matuƙi: inda take ceton rai da inda ƙarfinta yake ƙarewa

A cikin kwana uku na watan Yulin 2021, jiragen yaƙi biyu sun faɗi a yankin nan, kuma duk waɗanda ke cikinsu sun rayu. Ranar 18 ga wata ƴan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na sojojin saman Najeriya a dajin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya fice da laima. Ranar 20 ga wata kuma wani Mirage 2000 na rundunar Barkhane ya samu matsalar inji kusa da Hombori a ƙasar Mali, mutum biyu da ke ciki suka fice. Irin wannan labari yakan sa jama'a su ɗauka cewa matuƙin soja yana da ƙofar fita a duk lokacin da ya so. Gaskiyar lamarin ta fi haka tsauri, kuma tana da muhimmanci a daidai lokacin da Nijar da Mali da Burkina Faso ke ƙara dogara da jiragen sama wajen yaƙi da ƴan ta'adda.

Yadda kujerar take aiki

Matuƙi yana jan wani hannu da ke tsakanin ƙafafunsa. Nan take ake jefar da murfin gilashin da ke kansa ko a fasa shi, ɗamara ta matse shi da kujera, harsashi ya harba kujerar sama, sannan roka da ke ƙarƙashinta ta ƙara ɗaga ta don kada ta bugi wutsiyar jirgin. Wata ƙaramar laima tana daidaita ta, sai kujerar ta rabu da mutum, babbar laima ta buɗe. Idan a kusa da ƙasa ne, duk wannan yana ƙarewa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku.

Kamfanin Martin-Baker na Ingila ne ya fi suna a wannan sana'a. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Valentine Baker, ya mutu a 1942 yana gwajin jirgi, abin da ya sa abokinsa James Martin ya duƙufa kan hanyar ceton matuƙa. An yi gwajin farko na kujerarsu da mutum a sararin sama a 1946, kuma kamfanin na cewa kujerunsa sun ceci mutum fiye da 7,000. Rasha ma tana da tata, K-36, irin wadda ke cikin jiragen Su-25, waɗanda Nijar ta samu biyu daga cikinsu a 2013. Ita ce ta ceci Anatoli Kvochur a bikin baje kolin jirage na Paris a 1989, lokacin da ya fice daga MiG-29 ɗinsa saura kaɗan ya bugi ƙasa.

Jiki da lokaci

Iyaka ta farko jikin ɗan Adam ne. Ƙarfin harbin yakan kai ninki 12 zuwa 14 na nauyin mutum, wato mai kilo 70 zai ji kamar an ɗora masa kusan tan guda a kan ƙashin baya. Shi ya sa karayar ƙashin baya da raunin wuya suka zama ruwan dare ga waɗanda suka tsira, wasu ma ba sa sake tuƙin jirgi. A 2015 Amurka ta dakatar da matuƙan da nauyinsu bai kai kilo 62 ba daga hawa jirgin F-35, saboda gwaji ya nuna wuyansu na iya karyewa. Idan jirgi na tsananin gudu kuwa, iskar da kanta ke zama makami. A 1995 wani matuƙin F-15 na Amurka, Brian Udell, ya fice yana gudun da ya zarce na sauti: ya rayu da munanan raunuka, abokin tafiyarsa ya mutu.

Iyaka ta biyu ita ce lokaci da yanayin jirgin. Kujerun zamani na iya ceton mutum ko da jirgi yana tsaye a ƙasa, to amma da sharaɗin yana zaune daidai. Idan ya kife, ko yana sulalowa ƙasa da sauri, rokar na iya harba matuƙi gefe ko ma ƙasa, laima kuma ba za ta samu sararin buɗewa ba. Ranar 28 ga Satumban 2018, jiragen F-7 biyu sun yi karo a Abuja suna atisayen bikin samun ƴancin kai. Matuƙa uku suka fice, amma ɗaya, Bello Baba-Ari, ya rasu sakamakon raunin da ya ji da ya faɗo ƙasa. A Faransa ma, ranar 14 ga Agustan 2024, jiragen Rafale biyu sun yi karo a gabashin ƙasar: mutum ɗaya ya fice, biyu suka mutu.

Sau da yawa matuƙi da kansa ke jinkiri, ko don yana fatan ceto jirgin, ko don yana neman kauce wa gidajen jama'a. A Yulin 2025 jirgin F-7 na Bangladash ya faɗa kan wata makaranta a birnin Dhaka, mutum fiye da 30 suka mutu, yawancinsu yara, har da matuƙin, wanda sojojin ƙasar suka ce ya yi ƙoƙarin karkatar da jirgin daga unguwa mai cunkoso. Kujera ba ta da abin da za ta yi wa mutanen da ke ƙasa, kuma wannan abin lura ne ga duk garin da unguwanni suka kewaye filin jirginsa, kamar yadda birnin Yamai ya matso kusa da sansani na 101.

Kulawa da kayan gyara

Kujerar cike take da harsasai da rokoki masu wa'adin aiki, waɗanda dole a canza su ko da ba a taɓa amfani da su ba. Kuskure ƙarami yana kisa. A 2011 Sean Cunningham na sojojin saman Ingila ya mutu bayan kujerarsa ta harba shi jirgi yana ƙasa, laima ta ƙi buɗewa saboda an matse wani noti fiye da ƙima, kuma a 2018 kotu ta ci Martin-Baker tarar fam miliyan 1.1. A 2020 David Schmitz, matuƙin F-16 na Amurka, ya mutu da na'urar buɗe laimarsa ta ƙi aiki, bincike kuma ya nuna an ɗage gyaran kujerar saboda rashin kayan gyara. Idan hakan ya faru ga ƙasashen da ke ƙera jiragen, to ƙasar da ke jiran kowane noti daga ƙetare tana buƙatar ninka taka-tsantsan.

Jiragen da ba su da kujerar

Babban abin da ake mantawa shi ne yawancin sojojin da ke mutuwa a haɗarin jirgi a Afirka ta Yamma ba a cikin jiragen yaƙi masu gudu suke ba. Jirage masu saukar ungulu da na jigila ba su da wannan kujera, in ban da Ka-50 da Ka-52 na Rasha da ke fara datse fukafukansu kafin su harba matuƙi. Ranar 25 ga Nuwamban 2019 sojojin Faransa 13 suka mutu da jirage masu saukar ungulu biyu suka yi karo cikin dare a yankin Menaka. Ranar 21 ga Mayun 2021 babban hafsan sojin ƙasa na Najeriya, Janar Ibrahim Attahiru, ya mutu tare da mutum 10 a jirgin King Air a Kaduna. Ranar 26 ga Disamban 2022 wani Mi-17 na sojojin Nijar ya faɗi yana sauka a Yamai bayan atisaye, mutum uku suka rasu. Ranar 6 ga Agustan 2025 kuma Ghana ta rasa mutum takwas a jirgin Z-9, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Ga irin waɗannan jirage, kariyar ita ce gyara a kan lokaci, sa'o'in horo masu yawa, sahihin hasashen yanayi a lokacin hazo da guguwar damina, da kwamandan da zai yarda idan matuƙi ya ce yau ba za a tashi ba.

Bayan laima ta sauka

Ko an sauka lafiya, aikin bai ƙare ba. Yarjejeniyar ƙari ta Geneva ta 1977 ta haramta harbin wanda ke saukowa da laima daga jirgin da ya samu matsala, amma ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ba su san da zamanta ba. An harbe matuƙin Rasha Oleg Peshkov yana sama a Siriya a 2015, ƙungiyar Daesh kuma ta ƙona Mu'az al-Kasasbeh na Jodan da ransa bayan ta kama shi a Disamban 2014. Shi kansa Dairo, a cewar rundunar saman Najeriya, duhun dare da taswirar wayarsa ne suka taimaka masa ya kai ga sansanin soja, alhali Faransawan Hombori jiragen ceto ne suka je suka ɗauko su.

Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka a 2024, kuma nauyin neman matuƙin da ya faɗi a dajin Tilaberi ko hamadar Agadas ya dawo kacokan kan ƴan ƙasa. Saboda haka duk lokacin da aka yi bikin karɓar sabon jirgi, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa daga mahukunta: nawa aka ware wa kayan gyara da horo, wace runduna ce ke zaune cikin shirin ceto dare da rana, kuma ko za a bayyana sakamakon bincike idan haɗari ya auku. Ana iya sayen jirgi cikin watanni, amma matuƙi ɗaya yana cin shekaru kafin ya ƙware, kuma iyalansa na da haƙƙin sanin abin da aka tanada don ya dawo gida.