Daga Wankin Ciki Zuwa Wankin Ƙoda

Raina yana ɓaci duk sa'ad da na ji mai kemis ya ce da mai fama da taurin bayan gida, "In bai yi ba, a ƙara." Da maganin wankin ciki mai sinadarin fosfet, wannan maganar tana iya kashe mutum.

Maganin yana da amfani a hannun likita. Yana janyo ruwan jiki zuwa hanji, bahaya ya yi laushi ya fita, shi ya sa ake wanke hanji da shi kafin a duba ciki da na'ura. Amma idan ya zauna a ciki bai fito ba, sai fosfet ya ratsa cikin jini, kalsiyam ya yi ƙasa, su biyun su haɗu su daskare a cikin 'yan ƙananan bututun ƙoda. Wasu ƙodar tasu ba ta sake komawa daidai. Wato lokacin da bai yi aiki ba, lokacin ne ya fi haɗari, kuma a nan ne ake cewa a ƙara!

A Disambar 2008 hukumar FDA ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan ƙwayoyin fosfet na Visicol da OsmoPrep, kamfanin C.B. Fleet kuma ya janye ruwan Phospho-soda daga kanti. A Janairun 2014 hukumar ta sake jan kunne: ta samu mutum 54 da maganin ya yi wa mummunar illa, 29 daga cikinsu yara ne, 13 sun mutu. Ta ce kada a wuce sau ɗaya cikin awa 24, kuma kada a ɗura wa yaron da bai kai shekara 2 ba na dubura.

To, wa yake tambaya? Ga dattijo ya haura 55, yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, da ibuprofen saboda ciwon gwiwa, ya wuni cikin zafin bazara leɓɓansa sun bushe. Ya tsaya gaban kanta, aka miƙo kwalba, aka karɓi kuɗi. Ba wanda ya ce, "Baba, yaya ƙodarka? Wane magani kake sha?" Alhali duk abin da na lissafa yana cikin gargaɗin, kuma ga laktulos, wani maganin taurin bayan gida, a gefe, wanda ba ya yi wa ƙoda wannan ɓarnar.

Mai kemis ɗin da ba zai iya yin waɗannan tambayoyi biyu ba, ya sauke kwalbar nan daga kantarsa ya tura Baba asibiti.