Abin da Ke Bayan Labule

Kwanan nan iyaye da dama sun tare mu da tambaya guda: ɗansu ko 'yarsu ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, an ce za su je Marwa ko Ngaundare su yi wasa, shin a bari ko a hana? Yawancinmu abin da ke kan dandamali muke dubawa, wato ko labarin yana da tarbiyya. Amma wasan bai fi sa'a 2 ba. Sauran wunin a bayan labule ake yin sa, inda idon ɗan kallo ba ya kaiwa.

Baƙin 'yan wasa kan iso da hantsi, bayan tafiyar fiye da kilomita 200 idan daga Marwa suke. Na Yawunde kuwa sun kwana a jirgin ƙasa, wanda iyakarsa Ngaundare, sannan suka hau mota. A zaure mai tsari, irin wanda Alliance Française ke karɓar baƙi a nan Garwa, mai kula da dandamali ne ke tarbarsu, wanda ake kira régisseur da Faransanci. Fitilu da lasifika da lokaci duk a hannunsa suke, kuma da zarar an fara wasa maganarsa ce ta ƙarshe. Da rana a yi gwaji, a manna takardar jerin fitowa kusa da mashiga, a jera kayan wasa bisa tebur: rawanin sarki, sandar dogari, ƙwaryar mai fura, kowanne da mazauninsa, don a cikin duhu za a laluba shi. Ba a ɗaga murya, domin labule ba bango ba ne. Ana tashi kuma a haɗa kaya a daren, a kama hanya da asuba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗakin sauya tufafi. Mai wasa ɗaya kan fito a matsayin mutum biyu ko uku, wani lokaci minti guda gare shi ya tuɓe ya sake shiri. Mun taɓa raka wata ƙungiya wani zaure, a cikin zafin watan Afrilu, muka tarar ɗaki ɗaya ne tal, maza da mata. Sai 'yan mata biyu suka riƙe zani, ta uku ta sauya a bayansa. Babu buta, babu tabarma. Magariba ta wuce ana jan waya. Ba mugunta ba ce ta masu zauren, ba wanda ya gaya musu ne tun da wuri, alhali kowace ƙungiya kan aika takardar bukatunta kafin ta zo. A cikinta ake rubuta yawan fitilu. Me zai hana a rubuta ɗaki biyu, da ruwan alwala, da cewa sai bayan isha'i za a ɗaga labule?

Saboda haka uban da aka zo neman izininsa ya nemi ganin wannan takarda. Ya tambayi wace dattijuwa ce za ta zauna da 'yan matan a ɗakinsu, wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar baya, kuma a gidan wa za a kwana. Mu dai a wancan dare, labulen tagar wani maƙwabci muka aro muka raba ɗakin biyu.