NAZARI: Marubucin Sangere da ƙofar shiga finafinai masu dogon zango

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakin su ba tare da an tace ba. Ƙurar ta lafa, amma ta sake nuna cewa akalar wannan sana'a a Kano take.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan Izzar So da Labarina suka karɓu a 2020, kasuwa ta karkata ga shirin mako-mako. Irin wannan shiri kullum yana jin yunwar rubutu. To, ina rabon ɗalibin da ke haya a Sangere, daura da Jami'ar Modibbo Adama, alhali bai san kowa a Kano ba?

Abu na farko shi ne ya kammala rubutu. Furodusa ba ya sayen "ina da labari". Yana son kashin farko cikakke, da taƙaitaccen bayanin zangon, da halayen taurari. Kuma rubutun fim ya bambanta da na littafi, domin kyamara ba ta ɗaukar zancen zuci. Abin da ba a gani ko a ji ba, babu shi. Fauziyya D. Sulaiman daga rubutun littafi ta kai ga Daɗin Kowa, don haka hanyar ba sabuwa ba ce.

Na biyu, jarinsa Adamawa ce. Idan ya kwaikwayi rikicin kishiyoyin gidan attajirin Kano, zai tarar da gwanaye sun riga shi. Amma wa ya rubuta rayuwar masuntan Binuwai, ko gidan da ake faɗa da Fulatanci a sasanta da Hausa, ko iyalan da suka kwararo Yola da Jimeta lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a 2014? Sai dai ya auna aljihun furodusa: labarin da zai gudana a gida biyu da shago ɗaya ya fi saurin samun mai ɗauka.

Na uku, ya fara daga gida. Akwai ATV da Gotel da NTA a Yola, akwai kuma YouTube. Gajeren shiri na minti 10 da aka ɗauka da abokai ya fi dogon roƙo a WhatsApp ƙarfi.

Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne amana ta baki. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare rubutu, amma a gaban shari'a hujja ake nema. Kafin ya miƙa aikinsa, ya ajiye shaidar ranar da ya tura, a kuma rubuta kuɗin kowane kashi, da sunansa a allo, da wanda ya mallaki labarin idan aka ci gaba. Furodusan da ya ƙi sa hannu a takarda ya riga ya faɗa masa yadda biyan kuɗin zai kasance.